Farfesa Fafunwa da gwajin Ife: me bincikensa ya ce game da koyar da yara da harshen uwa?

Shin yaron da aka koya wa lissafi da kimiyya da Hausa a firamare zai zama koma-baya ne ranar da ya zo rubuta WAEC da Turanci? Tambayar nan ta sake tasowa a watan Nuwamba na 2025, lokacin da ministan ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar a wani taro a Abuja cewa gwamnatin tarayya ta soke manufar koyarwa da harshen uwa, kuma daga yanzu Turanci ne harshen koyarwa tun daga nazare har jami'a. Hujjarsa ita ce yankunan da suka fi rungumar harshen uwa su ne suka fi faɗuwa a WAEC da NECO da JAMB. Manufar da aka soke ɗin ko yaye ba ta gama ba, domin a ƙarshen 2022 ne Malam Adamu Adamu, ministan ilimi na lokacin, ya sanar da ita, inda aka ce a koyar da yara da harshen uwa duk tsawon shekara 6 na firamare.

Tun daga ranar, suna ɗaya ake ta jefawa cikin gardamar: marigayi Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa. Masu kare harshen uwa na cewa ai shi ya riga ya gama magana tun shekaru 50 da suka wuce. Masu goyon bayan minista na cewa wannan ɗan gwaji ne da aka yi a wata makaranta a ƙasar Yarbawa, ba abin da za a ɗora ƙasa a kansa ba. A ganina kowane ɓangare ya ɗauki rabin labarin ne ya bar rabi, kuma rabin da aka bari shi ya fi shafar mu a Arewa.

Wane ne Fafunwa?

An haife shi a Isale Eko, tsohuwar unguwar tsibirin Legas, ranar 23 ga Satumba 1923, a gidan Musulmi. Ya yi sakandare a makarantar mishan ta CMS da ke Legas, wadda ita ce sakandare mafi tsufa a Najeriya. Daga nan ya tafi Amurka, ya shiga kwalejin Bethune-Cookman a jihar Florida, ɗaya daga cikin kwalejojin da baƙaƙen fata suka gina wa kansu a zamanin da wariyar launin fata take doka a kudancin ƙasar. Ya gama a 1950, ya wuce Jami'ar New York, inda ya yi digiri na biyu, sannan ya kammala digirin digirgir a fannin ilimi.

A 1961 ya kama aiki a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, wadda a lokacin shekara ɗaya ke nan da buɗe ta. A 1966 ya zama farfesa, ɗan Najeriya na farko da ya kai wannan matsayi a fannin ilimi. Rikicin da ya kai ga yaƙin basasa ya tashe shi daga Gabas, ya koma Jami'ar Ife, wadda yanzu ake kira Jami'ar Obafemi Awolowo, kuma a can ne ya yi aikin da ya sa har yau ake ambatonsa. Ya bar aikin jami'a a 1978, ya riƙe ministan ilimi daga 1990 zuwa 1992 a mulkin Janar Babangida, ya rasu a Abuja ranar 11 ga Oktoba 2010 yana da shekara 87.

Duk wanda ya yi NCE ko digiri a fannin ilimi a ƙasar nan ya ci karo da littafinsa na tarihin ilimi a Najeriya, wanda ya fito a 1974. Abin da ya bambanta littafin shi ne inda ya fara. Kafin shi, an saba fara tarihin ilimi daga zuwan 'yan mishan Badagry a 1842, kamar kafin nan mutane ba sa koyon komai. Shi kuwa sai ya fara da tarbiyyar gida da koyon sana'a a hannun iyaye, ya bi da karatun allo da na zaure, kafin ya zo kan boko. Ya kawo ƙiyasin Gwamna Lugga na 1914 cewa akwai makarantun allo kimanin 25,000 a Arewa, da almajirai sama da 200,000. Mutumin da ya kalli tarihi ta wannan fuska, ba abin mamaki ba ne ya tambayi dalilin da ya sa yaro zai ajiye harshensa a ƙofar aji kamar takalmi.

Abubuwan da ake cakuɗawa

Kafin a je Ife, akwai kalmomin da sai an tsefe su, don rabin gardamar da ake yi a rediyo da Facebook daga nan take.

Koyar da harshe daban, koyarwa da harshe daban. Idan malama ta shiga aji ta yi darasin Hausa na minti 35, an koyar da Hausa a matsayin darasi. Idan kuwa ta koyar da rabawa da ninkawa da yadda tsiro ke girma, duk da Hausa, kuma littafin hannun yaro da jarrabawarsa da Hausa suke, to Hausa ta zama harshen koyarwa. Abin da ake jayayya a kai shi ne na biyun. Babu wanda ya taɓa cewa a daina koyar da Turanci, Fafunwa kansa bai ce ba. Shi da ya yi digiri a Turanci, kuma da Turancin ya rubuta littattafansa.

Haka nan harshen uwa daban, harshen muhalli daban. Manufar ilimi ta ƙasa, wadda ta fara fitowa a 1977, ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin ke amfani da shi, daga baya a koma Turanci. An saba fassara wannan da shekara 3 na farko. Ga yaron Daura abu biyun ɗaya ne. Ga ɗan Bafulatanin ruga a Jigawa, ko ɗan Sayawa a Bauci, ko yaron Sabon Garin Kano, Hausa harshen kasuwa ce da wasa a layi, ba lalle ta zama harshen da uwarsa ke yi masa magana da shi ba. Mu Hausawa muna yawan mance wannan idan muna magana, wasu kuwa ba sa mancewa.

Abin da aka yi a Ife

A farkon 1970, Fafunwa da abokan aikinsa na cibiyar nazarin ilimi ta Jami'ar Ife suka fara aiki a makarantar firamare ta St. Stephen's da ke Modakeke, kusa da Ife, da tallafin gidauniyar Ford ta Amurka. Matsalar da suka lura da ita ita ce ta aji 4. Yaro ya yi shekara 3 ana koyar da shi da Yarbanci, ba zato ba tsammani a juya komai zuwa Turancin da bai gama ji ba. Sai ya fito firamare bai ƙware a ko ɗaya ba, lissafi da kimiyya kuma sun wuce shi a lokacin da yake kokawa da harshe.

Sai suka raba yara gida biyu. Rukuni na farko aka koyar da su kowane darasi da Yarbanci tun daga aji 1 har aji 6, Turanci kuma ya zama darasi mai zaman kansa. Rukuni na biyu aka bar su a tsarin da aka saba, Yarbanci shekara 3, Turanci shekara 3. A 1973 aka faɗaɗa gwajin zuwa wasu makarantu 10, har da na karkara, don kada a ce sa'ar makaranta ɗaya ce.

Faɗar wannan a baki abu ne mai sauƙi. Wahalar tana wurin da ba a cika ba da labarinsa ba. A 1970 babu littafin kimiyya na aji 5 da Yarbanci, babu na lissafin zamani. Dole aka tara malaman jami'a da na kwalejojin horon malamai da na firamare, ana zama lokacin hutu, ana rubuta manhaja sabuwa da littattafan yara da jagoran malami, darasi bayan darasi. Kalmomin da babu su sai an ƙirƙiro, ko a aro a gyara musu zama. Mai karatu ya gwada da kansa: me zai kira iskar nan da ke hura wuta, wadda kuma ita muke shaƙa mu rayu, ta yadda yaro ɗan shekara 9 zai bambanta ta da iskar da muke fitarwa? Irin wannan zaman aka yi ta yi a kan ɗaruruwan kalmomi, wani lokaci har da tuntuɓar dattawan gari. Aka kuma sake horar da malaman da za su shiga ajin. Sannan, kuma wannan shi ne abin da ya kamata a ja wa layi, rukunin farko na yaran Yarbanci an ba su malami na musamman wanda aikinsa kawai koyar da Turanci, kuma an horar da shi a kan yadda ake koyar da shi ga wanda ba harshensa ba ne.

Abin da aka samu, da inda masu suka ke da gaskiya

Sakamakon da suka wallafa, wanda aka tattara a littafi a 1989, ya nuna yaran da aka koyar da Yarbanci shekara 6 ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, abin da kowa ya fi jin tsoro ke nan, kuma sun fi su a darussa da dama. Waɗanda suka bar makaranta a hanya sun fi ƙaranci a cikinsu. An bi sawun wasunsu har sakandare da gaba da ita, ba a ga alamar cewa Yarbancin ya daƙile su ba.

Dalilin ba boyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa koyar da yaro. Karatu, wato gane cewa wannan alamar tana wakiltar wannan sautin, sau ɗaya ake koyon sa. Yaron da ya haɗa "ka" da "za" ya ji "kaza" ta fito, ya ga tsuntsuwar a ransa, ya gane sirrin abin. Idan ya koma Turanci da wannan sirrin yake tafiya. Wanda kuwa aka fara da shi da kalmar da bai san ma'anarta ba, aiki biyu yake yi a lokaci guda, kuma sau da yawa sai ya koma haddar aku.

To amma masu suka suna da magana, kuma masana ilimi sun yi ta tun a lokacin. Idan ka canza harshe, ka canza littafi, ka horar da malami, ka kawo ƙwararren malamin Turanci, sannan ga farfesoshi suna leƙowa aji a kai a kai, ta yaya za ka tabbatar harshen ne ya yi aikin? Ko da Turanci aka yi wa yara wannan gata ai za su motsa. Masu gwajin sun yi ƙoƙarin rufe wannan ƙofa, domin rukuni na biyu, wanda ake kwatantawa da shi, shi ma an ba shi sabuwar manhajar, kuma a makarantun da aka ƙara daga baya ba kowace ce ta samu malamin Turanci na musamman ba. Duk da haka ba a rufe ta ruf ba. Sannan Ife gari ne mai harshe ɗaya, harshen da aka daɗe ana rubutu da shi tun ƙarni na 19. Najeriya kuwa tana da harsuna sama da 500, da yawansu ko daidaitacciyar ƙa'idar rubutu ba su da ita.

Saboda haka abin da za a iya ɗauka daga Ife ba tare da ƙari ba shi ne: idan aka shirya littafi, aka horar da malami, aka koyar da Turanci da kyau a matsayin darasi, koyarwa da harshen uwa har shekara 6 ba ta cutar da Turancin yaro, kuma tana taimakon fahimtarsa. Sharuɗɗan nan uku ba ado ba ne, su ne gwajin.

Ya zama minista, me ya hana shi aiwatarwa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ba ni sha'awa a rayuwarsa. Ba kasafai manazarci ke samun kujerar da zai aiwatar da abin da ya gano ba. Fafunwa ya samu, ya gaji Farfesa Jibril Aminu a ma'aikatar ilimi, ya kuma ci gaba da kiran a koyar da yara da harshensu. Amma ya sauka ba tare da tsarin Ife ya zama na ƙasa ba.

Lokacin bai taimake shi ba. Zamanin SAP ne, wato tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida, darajar naira ta faɗi, albashin malamai ya zama abin tausayi, kuma a 1992 ƙungiyar ASUU ƙarƙashin Attahiru Jega ta shiga yajin aikin da ya cinye hankalin ma'aikatar. Yarjejeniyar da ta biyo baya ce ta haifar da asusun harajin ilimi, wanda yau muka sani da TETFund. Ban da wannan, firamare ba a hannun ministan tarayya take ba, jihohi da ƙananan hukumomi ne ke ɗaukar malamai. Akwai kuma abin da ba a faɗa a taro: manyan da ke yaba harshen uwa a kan mumbari, nasu 'ya'yan suna makarantun da ake cin tarar yaro idan ya yi magana da harshen gida. Talaka yana ganin wannan, kuma ba wawa ba ne. Idan ya ce shi ma Turanci yake so wa ɗansa, lissafi ya yi, ya ga da wane harshe ake rubuta JAMB, da wanne ake ganawar ɗaukar aiki.

To mu a Arewa, me muke yi a aji?

A nan ne hujjar minista ke buƙatar a duba ta da kyau. Yaron da ya shiga aji 1 a 2023, bayan sanar da manufar Adamu Adamu, sai wajen 2035 zai zauna WAEC. Waɗanda suka rubuta a 2025 sun fara firamare ne wajen 2013. Manufar 2022 ba ta taɓa su ba ko da wasa. A yi masa adalci, ministan ya ce abin ya kai shekara 15 yana ɓarna a wasu yankuna, wato yana nufin al'adar da ke cikin aji ne ba takardar manufa ba. To sai mu tambaya, wace al'ada ce?

Duk wanda ya yi firamaren gwamnati a Kano ko Katsina ko Gusau ya san ta. Littafin Turanci ne, idan ma akwai. Malam ya kwafe jimla a allo, yara su maimaita da ƙarfi sau uku, sai ya juyo ya ce "ma'ana", ya fassara da Hausa gwargwadon abin da shi ma ya gane. Ranar jarrabawa tambaya ta zo da Turanci. Yaro bai iya rubuta wasiƙa da Hausa ba, domin ba a koya masa ba, bai kuma iya karanta sakin layi da Turanci ba. Wannan ba koyarwa da harshen uwa ba ce, kuma ba koyarwa da Turanci ba ce. Ita ce ainihin cutar da Fafunwa ya fita neman maganinta a 1970. Malamin yana komawa Hausa ne don yara ba sa ji, wani lokaci kuma don shi ma Turancin bai zauna masa ba. Mun tuna abin da ya faru a Kaduna a 2017, lokacin da malaman firamare sama da 21,000 cikin kimanin 33,000 suka kasa cin gwajin da gwamnatin jihar ta yi musu. An yi ta gardama a kan yadda aka yi gwajin, amma babu wanda ya ce matsalar ba ta nan.

Abin takaicin shi ne Hausa ta fi kusan kowane harshe a ƙasar nan shirin wannan aiki. Tun makarantar Baturen nan Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano a 1909 da Hausa ake fara karatun boko. Hukumar fassara da ta talifi a Zariya sun buga littattafan makaranta tun shekarun 1930, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, kuma kakanninmu da suka yi elementare da ajin Yaƙi da Jahilci suna rubuta wasiƙa tsaf. A 1990 an buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad na Jami'ar Ahmadu Bello ya tace. Ko a baya-bayan nan, shirin Mu Karanta da aka yi a Bauci da Sakkwato da tallafin Amurka ya fara koya wa yara karatu da Hausa kafin a tsallaka da su Turanci. Kayan aikin suna nan a warwatse, ba a taɓa haɗa su wuri guda a kai su har aji 6 ba.

Maƙwabtanmu na Nijar ma sun bi irin wannan hanya. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram, kuma irin waɗannan makarantu sun shafe shekaru da dama suna amsa sunan gwaji. A 2025, shekarar da Najeriya ta koma Turanci zalla, a ita ce gwamnatin Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta mayar da Faransanci harshen aiki.

Me zai canza wa iyaye da malamai?

A makarantar kuɗi ta birni, kusan babu komai, da ma Turanci suke yi. A firamaren ƙauye ma ba za a ga canji gobe da safe ba, domin sanarwa daga Abuja ba za ta sa wa malami Turanci a baki ba. Zai ci gaba da cewa "ma'ana", sai dai yanzu yana yi ne a saɓa wa doka, kuma idan mai duba makarantu ya zo zai koma karanta allo yara na amsawa.

Inda canjin zai fi ciwo shi ne wurin kasafi. Jami'in da ke son a buga littafin lissafi na aji 2 da Hausa, ko a horar da malamai a kan koyar da karatu da ita, ya rasa takardar da zai dogara da ita. Masu ba da tallafi daga waje su ma da manufar gwamnati suke aiki. Ɗalibin da ke tunanin karanta Hausa ko Fulfulde ko Kanuri a kwalejin ilimi zai sake tunani. Iyayen ƙananan ƙabilu kuwa, wasunsu sun yi ajiyar zuciya, domin a wurinsu "harshen muhalli" na nufin a koyar da 'ya'yansu da Hausa, kuma sun gwammace Turancin da ba na kowa ba. Wannan tsoro na gaske ne, kuma duk mai kare Hausa a makaranta da bai tanadi amsarsa ba bai shirya ba.

Tsarin mulki ya sa ilimi cikin abubuwan da tarayya da jihohi ke da hannu a ciki tare, kuma hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi, wato SUBEB, ne ke riƙe da firamare. Jihar da ke son sanin gaskiyar lamarin tana da jami'a da kwalejin ilimi a ƙofar gidanta. Za ta iya ware makarantu 20 a ƙananan hukumomin da kowa Hausa yake ji, a rubuta littattafan, a horar da malaman, a sa ƙwararren malamin Turanci a kowace, a bar wasu 20 a kan Turanci zalla da gata iri ɗaya, sannan a auna. Kuɗin bai kai na gadar sama ɗaya ba. Sai dai rukunin farko ba zai gama aji 6 ba sai bayan shekara 6, wa'adin gwamna kuwa 4 ne, manufar 2022 ma shekara 3 kawai ta yi.